Florence Lawrence: Jarumar da Aka "Kashe" a Jarida Kafin a San Sunanta

A watan Maris na shekarar 1910, wata mujallar 'yan kasuwar fim ta Amurka mai suna Moving Picture World ta buga wata talla da ba a saba ganin irinta ba. Hoton wata mata ne, sai rubutu yana cewa an kama wata ƙarya dumu-dumu: wai maƙiya sun baza wa mutanen birnin St. Louis labarin taragon lantarki ya take Florence Lawrence ta mutu, alhali tana nan da ranta da lafiyarta, ga ma sabon fim ɗinta nan tafe. Wanda ya biya kuɗin tallar shi ne Carl Laemmle, mai kamfanin fim na IMP. Yawancin masu tarihin fim sun tafi a kan cewa shi ɗin dai shi ya ƙago labarin mutuwar tun farko. Ya cinna wutar da hannunsa, sannan ya dawo da bokitin ruwa yana kururuwa.

Abin da zai ɗaure wa mai karatu na yau kai shi ne, matar da ake wannan dambarwa a kanta ta riga ta fito a fina-finai fiye da ɗari. Mutane sun san fuskarta kamar yunwar cikinsu, sun san dariyarta, sun san yadda take ɗaga gira in an ɓata mata rai. Amma da za ka tare ɗaya daga cikinsu a ƙofar gidan kallo ka ce masa wace ce Florence Lawrence, kallon baƙo zai yi maka. "Yarinyar Biograph" suka sani, wato yarinyar kamfanin Biograph. Ke nan tallar nan aiki biyu ta yi a lokaci guda: ta ƙaryata mutuwa, ta kuma raɗa wa fuskar suna a bainar jama'a. Na biyun shi ne maƙasudi.

To me ya sa aka ɓoye sunan tun asali? Sai an leƙa kasuwar fim ta wancan zamani kafin a gane.

Gidajen kallo na farko a Amurka shaguna ne aka kwashe kayan ciki, aka jera kujeru, aka rataya farin ƙyalle a bango. Santi biyar ake biya a shiga. Wani da aka buɗe a Pittsburgh a 1905 shi ya fito da salon, kafin shekara uku sun kai dubbai. Masu shiga kuwa leburori ne, da matan unguwa, da yara, da baƙin haure waɗanda Turancinsu bai nuna ba, kuma fim mara magana bai nemi Turanci a wurinsu ba. Kowane fim naɗi ɗaya ne, tsawon ƙafa dubu, minti goma zuwa sha biyar ya ƙare. Mai shago yana sauya fim kusan kullum, don haka kamfanoni suka koma tamkar gidan burodi: kowane mako sai an fitar da sabo, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Da ƙafa ake sayar da fim, kamar yadda ake auna yadi a kanti. Kuɗin ƙafa ɗaya ne, ko wa ya fito a ciki. Abin da dillali ke dubawa shi ne tambarin kamfani, shi ne shaidar inganci. Kamfanin Biograph har cikin fim yake cusa tambarinsa. In ka kalli fina-finansu na 1908 da 1909 da kyau, za ka ga mace tana kuka a falo, mijinta yana tsaye yana huci, a bangon bayansu kuma ga haruffan A da B cikin da'ira a manne kusa da hoton bango, kamar wani kayan adon ɗaki. Saboda masu satar fasaha aka sa shi, don duk wanda ya kwafi fim ɗin ya kwafa da tambarin. Bango yana ɗauke da suna, matar da ke kuka ba ta da shi.

Dalilin da aka fi ambata shi ne kuɗi, kuma gaskiya ne. Masu kamfanoni sun ga abin da ke faruwa a dandalin wasan kwaikwayo, inda ɗan wasa mai suna ke yanka wa mai gida albashin da ya ga dama. Ba sa son shigo da wannan ciwo gidansu. Sai dai akwai wani dalili da ake yawan tsallakewa: su kansu 'yan wasan da yawa ba sa son a san sunansu. A idon ɗan wasan dandali na lokacin, fim aikin faɗuwar baƙar tasa ne, abin da mutum ke yi a ɓoye in aiki ya yanke a lokacin zafi, ya karɓi dala biyar ɗinsa ya sulale. A ga sunanka a jikin shagon santi biyar abin kunya ne. Don haka ɓoyon ya yi wa kowa daɗi na ɗan lokaci, har zuwa ranar da aka samu 'yan wasan da fim shi ne sana'arsu, ba su da wani dandali da za su koma.

Florence tana cikin waɗannan. An haife ta a garin Hamilton na jihar Ontario a Kanada, ranar 2 ga Janairu, 1886, sunanta na yanka Florence Annie Bridgwood. Mahaifinta maƙerin keken doki ne. Mahaifiyarta Charlotte 'yar wasan dandali ce, tana da ƙungiyar wasa mai yawo gari-gari, tana amfani da sunan Lotta Lawrence, a nan 'yar ta samo Lawrence ɗin. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa ake fito da ita tana waƙa da rawa da fito da baki, har ana tallata ta a matsayin jaririya gwanar fito. Bayan rasuwar mahaifin a 1898 suka zauna a Buffalo, a can ta yi makaranta, ta kuma ƙware a hawan doki.

Dokin nan shi ya buɗe mata ƙofa. Da ita da uwar suka je New York neman aiki a dandali, ba su samu ba. Kamfanin fim na Edison kuwa yana neman budurwar da ta iya sukuwa don wani fim kan Daniel Boone, wanda ya fito a farkon 1907. Aka ɗauke su su biyu, dala biyar-biyar a yini, ana aiki a fili cikin sanyin hunturu mai daskarar da ruwa. Daga nan ta koma kamfanin fim na Vitagraph a Brooklyn, dala 20 a mako, amma ban da wasa har ɗinkin tufafin 'yan wasa tana yi. Haka abin yake a lokacin: jarumi yana fentin bango da safe, da rana ya zama sarki. A 1908 wani sabon darakta a Biograph, D. W. Griffith, ya yi mata tayin dala 25 ba tare da allura da zare ba. Ta karɓa. A shekarar ta auri Harry Solter, ɗan wasan da ya yi mata hanyar aikin.

A wani tsohon gida mai lamba 11 a titin East 14th Biograph ke aiki, kuma Griffith fim biyu yake fitarwa a mako. Florence ta fito a mafi yawan waɗanda ya yi a 1908. Yau ita ce mace mai taurin kai a labarin Shakespeare, gobe matar likitan ƙauye, jibi baiwar Allah da aka yaudara a labarin Tolstoy. Sai kuma jerin barkwancin Malam Jones da matarsa, ita da John Cumpson, inda mutane suka riƙa ganin ta mako bayan mako a matsayin mace ɗaya a gida ɗaya. Ina ganin wannan jeri ya yi aiki fiye da manyan labaran, domin sabo shi ke haifar da ƙauna, kuma mai kallo ya fara ɗaukar ta kamar maƙwabciya.

A nan ya kamata a ɗan tsaya kan wahalar aikin. Dattawanmu da suka riski majigi a ƙofar fada sun san hoto mai motsi wanda wani ke tsaye da lasifika yana fassara shi. A shagunan Amurka galibi mai kiɗan piyano ne kawai, sai ɗan rubutu jefi-jefi tsakanin hotuna. Duk nauyin labari yana kan jikin ɗan wasa. 'Yan dandali sun zo da salonsu na watsa hannuwa da dafe ƙirji, wanda aka yi don na kujerar ƙarshe ya hango. To daidai shekarun nan aka fara matso da kyamara kusa. Da can ana ɗaukar mutum tun daga kai har ƙafa, da fili a sama da ƙasa, fuska ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba. Da kyamara ta matso, sai watsa hannu ya zama abin dariya, ƙiftawar ido ta zama magana. Florence ba ta rabu da salon dandali gaba ɗaya ba, Griffith ma yana son a yi komai da sauri, amma fuskarta mai saurin sauyawa ce, kuma jikinta na 'yar sukuwa ne, ba ta tsoron faɗuwa ko gudu. Matsowar kyamara ita ce ta sa aka fara bambance wannan yarinya da waccan. Masu kamfani da hannunsu suka nuna wa jama'a fuskar da suke ƙoƙarin ɓoye sunanta.

Wasiƙu suka fara zuwa. Wace ce wannan? Tana da aure? Wanda ke fitowa a mijinta, mijinta ne na gaske? Biograph ya yi gum. Masu kallo suka gaji suka raɗa mata nasu, Yarinyar Biograph, kamar yadda suka kira Florence Turner Yarinyar Vitagraph. A Ingila, inda masu kallo suka matsa lamba, dillalan Biograph sai suka ƙago sunayen bogi suka liƙa wa 'yan wasan: Mary Pickford ta zama Dorothy Nicholson, Mabel Normand ta zama Muriel Fortescue. Wannan dabara ta fallasa komai. Kamfani ya yarda suna yana sayar da kaya, abin da bai yarda da shi ba shi ne sunan ya zama mallakin mai fuskar. Suna na bogi, in yarinya ta tafi, a gida take barin sa.

Ana cikin haka, a watan Disamba na 1908, manyan kamfanoni suka daina shari'a da juna suka haɗa kai a ƙarƙashin Thomas Edison, suka kafa Motion Picture Patents Company. A ciki akwai Edison da Biograph da Vitagraph da Essanay da Selig da Lubin da Kalem, da Pathé da Méliès na Faransa. Suka tattara rajistar ƙirƙirar kyamara da na'urar haskawa wuri ɗaya, suka ƙulla yarjejeniya da Eastman Kodak cewa su kaɗai zai sayar wa ɗanyen fim, suka ɗora wa kowane gidan kallo harajin dala biyu a mako. Babakere ne tsantsa. Kuma bai tsaya kan na'ura ba, ya shafi ma'aikata. A 1909 Florence da mijinta suka rubuta wa Essanay takarda suna neman aiki mai gwaɓi. Maimakon amsa, Essanay ya kai ƙararsu wurin Biograph, aka sallame su duka biyun. 'Yar wasan da ta fi kowa farin jini a ƙasar ta wayi gari ba aiki, ba ta kuma da sunan da za ta ɗauka ta kai wani wuri.

A nan Laemmle ya shigo. Bajamushe ne, haifaffen Laupheim a 1867, ya yi shekaru yana kula da shagon tufafi a Oshkosh ta jihar Wisconsin kafin ya buɗe gidan kallo a Chicago a 1906, daga nan ya zama dillalin fim. Ya ƙi biyan harajin Edison, ya kafa kamfaninsa IMP a 1909, ya sha ƙararraki a kotu har ba a magana. Matsalarsa a bayyane take: a kasuwar da tambari ke sayar da kaya, tambarinsa jariri ne. Ba shi da shekarun Biograph, ba shi da sunan Edison. Amma ɗan kasuwar tufafi ya san talla, ya kuma san cewa abin da mutane ke so a shagon maƙwabcinsa ana iya ɗauko shi. Ya ɗauki Florence, ya ɗauki Solter a matsayin darakta. Saura ya sanar da duniya cewa Yarinyar Biograph ta bar Biograph, kuma ba yadda za a yi wannan sanarwa ba tare da kiran sunanta ba. Kar a ɗauka tausayin 'yan wasa ne ya motsa shi. Sunanta shi ne makamin da ya samu a hannu.

Bayan tallar ƙaryata mutuwa, sai ya tura ta St. Louis a jirgin ƙasa tare da King Baggot, jarumin kamfanin kuma ɗan garin, don mutane su gani da idonsu. Jama'a suka yi dafifi a tasha da gidajen kallo. Labarin da aka riƙa yayatawa daga baya shi ne har maɓallan rigarta aka tsinke don ajiye abin tunawa. Tun da daga bakin masu talla ya fito, ni dai ina rage masa gishiri. Amma ko da an rage, abin da ya rage sabo ne: mutane sun fito daga gidajensu don ganin 'yar fim, suna kiran sunanta.

Shin ita ce tauraruwar fim ta farko, kamar yadda ake yawan cewa? In ana son a yi adalci, maganar ta fi haka faɗi. A Faransa, Pathé ya riga ya fara sa sunan ɗan barkwanci Max Linder a tallarsa. A Amurka ma, tun farkon 1910 Kalem ya fara raba hotunan 'yan wasansa don a manna a gidajen kallo, Vitagraph kuma yana fito da Florence Turner gaban jama'a a shekarar. Waɗannan biyun 'yan ƙungiyar Edison ne, don haka tatsuniyar cewa 'yan babakere duk sun ɓoye suna sai ɗan tawaye ya zo ya 'yantar da 'yan wasa ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Biograph ne ya kafe, bai saki sunaye ba sai 1913. Ruwan ya riga ya taru, ko da Laemmle ko babu shi gulbin zai ɓalle. Abin da za a ba shi da Florence shi ne, a kansu aka fara gwada cewa rayuwar 'yar wasa a wajen fim, har da mutuwarta, haja ce. A 1911 mujallun masoya fim irin su Motion Picture Story Magazine da Photoplay suka fito, suka mai da wannan sana'a ta kowane wata. Duk wanda ya taɓa farkawa ya ga an baza a Facebook cewa wani ɗan fim ya rasu, zuwa azahar sai ga shi a bidiyo yana cewa yana nan lafiya, ya san jikan wannan talla.

Laƙabin kuwa bai bi ta ba. Tana fita, Biograph ya ɗora shi a kan wata 'yar Kanada, Mary Pickford, wadda ta shigo kamfanin a 1909. Mu ma mun san yadda fim ke raɗa wa mutum suna ya manne masa, har a manta na yanka, irin su Dawayya da Nagudu. Bambancin shi ne, a wurinmu mai laƙabi da abinta take tafiya duk inda ta je. Na Florence rigar aro ce, mai ita ya karɓe ya sa wa wata.

Shekarun da suka biyo baya su ne na cin moriya. Ba ta cika shekara guda da rabi a IMP ba ta koma kamfanin Lubin a Philadelphia. A 1912 ita da Solter suka kafa kamfanin Victor a Fort Lee ta jihar New Jersey, da goyon bayan Laemmle, ita dala 500 a mako, shi 200. Daga 25 zuwa 500 cikin shekara huɗu: ga abin da masu kamfani suke tsoro tun farko. Ta shiga sahun matan farko da suka shugabanci kamfanin fim a Amurka. Ta sayi gona a New Jersey tana noman furen wardi, ta kuma sayi mota a lokacin da mace a bayan sitiyari abin kallo ce. Motar nan ta shiga ranta har ta koyi gyara. Wajen 1914 ta ƙera wani hannu da ake ɗaurawa a bayan mota, direba ya danna maɓalli ya ɗaga ya nuna inda za a juya, da wani allo mai cewa a tsaya wanda ke miƙewa in an taka birki. Kakannin sigina da fitilar birki ke nan. Ba ta yi musu rajista ba, ko sisi ba ta samu ba. Mahaifiyarta ta fi ta dabara a nan, ta yi rajistar abin share gilashin mota mai aiki da lantarki a 1917, ko da yake ita ma bai kawo mata arziki ba.

A 1913 aka sayar da Victor ga Universal, sabon kamfanin da Laemmle ya haɗa a 1912. A ganina a nan ne ƙafarta ta fara zamewa, tun kafin haɗarin da kowa ke ambata. Daga mai kamfani ta koma 'yar albashi.

Haɗarin ya faru ne wajen ɗaukar wani fim mai suna Pawns of Destiny. Akwai wurin da gida ke ci da wuta, wutar da aka kunna don kyamara ta fi ƙarfin masu kunna ta. Ta ƙone, ta faɗi, ta ji mummunan rauni a baya. Watanni ta yi tana jinya, Universal kuma ya ƙi biyan kuɗin magani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aurenta da Solter, wanda dama yana tangal-tangal, ya ƙara lalacewa. A 1916 ta yunƙuro ta yi dogon fim, Elusive Isabel, jikin ya sake kwantar da ita.

Da a wani lokaci wannan jinya ta same ta, wataƙila da ta tashi ta ci gaba. Amma shekarun 1914 zuwa 1916 su ne shekarun da kasuwar ta juye gaba ɗaya. Fim mai naɗi ɗaya ya ba da wuri ga dogon fim na awa ɗaya da rabi ko fiye. Shagon santi biyar ya ba da wuri ga manyan gidajen silima masu kujeru dubu. Kamfanoni suka tattara komatsansu daga New York da New Jersey suka nufi Kalifoniya, Laemmle kansa ya buɗe Universal City a 1915. A shekarar ce kotu ta yanke hukunci cewa ƙungiyar Edison ta karya dokar hana babakere. Duk wanda ya yi suna a cikin waɗannan shekaru uku, shi ya gaji sabuwar duniyar. Florence tana kwance a gonarta.

Akwai kuma wani abu da mu 'yan zamanin YouTube ba ma saurin ganewa. Fim na wancan lokaci ba a sake kallon sa. Ya yi kwanakinsa a shago, ya zagaya ƙauyuka har ya kakkarce, a jefar ko a narkar don a tatsi azurfar da ke jikinsa. Babu talabijin, babu kaset. Yaron da ya fara zuwa silima a 1920 ba shi da hanyar da zai ga ko fim ɗaya na Yarinyar Biograph. In ka ɓace daga allo shekara uku, ka ɓace ke nan.

Sai a kwatanta da wadda ta gaji laƙabinta. Pickford ta bi sawunta kusan taki-taki: Biograph, sannan IMP. Amma duk matakin da ta taka sai ta mai da farin jininta takarda mai sa hannu. A 1916 ta ƙulla yarjejeniya da mai kamfanin fim Adolph Zukor ta dala 10,000 a mako da rabin riba, da kamfani mai ɗauke da sunanta. A 1919 ita da Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks da Griffith suka kafa United Artists, suka riƙe rarraba fina-finansu da kansu. Ba zan ce Pickford ta fi ta iya wasa ba, domin ba a gwada su a fage ɗaya ba. Ta fi ta sanin cewa tafi da ihu ba sa zama a asusu, ta kuma samu lafiyar da za ta tsaya ta yi ciniki a daidai ranar kasuwa.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a lissafa Florence cikin waɗanda zuwan fim mai magana ya kashe wa kasuwa. Lokacin da The Jazz Singer ya fito a 1927, ta yi shekara goma da faɗuwa. Solter ya rasu a 1920. A 1921 ta tafi Hollywood neman farfaɗowa, ta samu jagorancin fim ɗaya, The Unfoldment, daga nan sai ƙananan fitowa. Ta auri wani dillalin motoci, Charles Woodring, suka buɗe shagon kayan kwalliya a Los Angeles. Karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta cinye abin da ya rage mata, shagon ya rufe, auren ya mutu. Aure na uku a 1933 wata biyar ya yi, mijin mashayi ne mai duka. A 1936 Louis B. Mayer na kamfanin fim na MGM ya ɗebi wasu tsofaffin 'yan wasan zamanin fim mara magana yana ba su dala 75 a mako, suna cike gurbi a cikin taro. Florence tana cikinsu. Ta koma inda ta fara: fuska a allo, babu suna a rubuce. Wancan karon ana rubuto wasiƙa ana tambaya, wannan karon babu mai tambaya.

A 1937 likitoci suka gano tana da wani ciwo na ɓargo wanda ba a san maganinsa ba a lokacin, mai tsananin raɗaɗi. Ranar 28 ga Disamba, 1938, ta sha maganin kashe tururuwa a gidan da take zaune a West Hollywood, ta rasu a ranar, saura kwana biyar ta cika shekara 53. Asusun tallafa wa 'yan fim ne ya ɗauki nauyin binne ta. Ta fito a fina-finai kusan 300.

Na IMP da Lubin da Victor, waɗanda ta yi da sunanta a jikin talla, yawancinsu sun salwanta, domin ɗanyen fim na lokacin yana ruɓewa, yana kuma kamawa da wuta da kansa. Waɗanda suka tsira da yawa na Biograph ne, ta wata hanya mai ban mamaki. Kafin 1912 dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta san da fim ba, hoto ta sani. Don haka kamfanoni suka riƙa buga kowane fim, hoto bayan hoto, a kan doguwar takarda, su naɗe su kai ɗakin karatu na majalisar dokoki a Washington a yi musu rajista a matsayin hotuna. Takardar ta fi fim ɗin ƙarko. A shekarun 1950 aka fara mai da naɗe-naɗen nan fim, shi ya sa yau za ka iya ganin ta tana faɗa da Malam Jones, ga A da B a bango, sunanta babu shi a farko babu shi a ƙarshe.

Kabarinta a maƙabartar Hollywood shekara 53 ya yi babu alama. A 1991 ɗan wasa Roddy McDowall ya biya aka sa dutse. An rubuta sunanta, an rubuta cewa ita ce tauraruwar fim ta farko, an kuma rubuta "Yarinyar Biograph".